Yi wa Dabba Magani Ba Tare da Azabtarwa Ba: Jagora ga Malamin Dabbobi da Mai Kiwo

Dabbar da aka kawo wa likita ta riga ta zo da ciwonta. Abin da ya rage a hannun likita da yaransa da mai dabbar shi ne ko a rage mata wahala ko a ɗora mata wata a kan wadda take ciki. Sau da yawa ɗorawar ake yi, kuma galibi gaggawa da rashin sanin hanya ne ke jawowa: a yi ta tseren sa da rana tsaka, a murɗe masa wutsiya har ta karye, a maka shi da ƙasa a kan tsakuwa, a soka masa allurar da ta daɗe da dakushewa, a dandaƙe shi ba tare da an kashe masa zafi ba.

Sauƙaƙa wa dabba sashe ne na aikin likitanci, kuma koyonsa ake yi kamar yadda ake koyon ɗinke rauni ko auna magani. Yana da matakai, yana da kayan aiki, amfaninsa kuma a fili yake. San da aka firgita, zafin jikinsa da bugun zuciyarsa sukan tashi, sai likita ya auna ya ga zazzaɓin da babu shi. Saniyar da aka wahalar takan riƙe nono. Duka yana ɓata nama, ƙuna tana ɓata fata, dabbar da ta fusata kuwa ita ce ke karya haƙarƙarin mai riƙo. Ga kuma batun amana: makiyayin da ya ga an wulaƙanta shanunsa a rigakafin bana, baɗi da ya ji ƙarar motar malaman dabbobi zai kaɗa su daji. Bushiya, annobar da ta sha share garkuna a ƙasar Hausa, an shelanta kawar da ita daga duniya a 2011, kuma hakan bai yiwu ba sai da makiyaya suka yarda suka riƙa fito da shanunsu ana yi musu allura shekara da shekaru.

Ma'aunin da ake bi

A 1965 wani kwamiti da gwamnatin Birtaniya ta kafa a ƙarƙashin Farfesa Brambell ya binciki halin da dabbobin gona suke ciki. Daga rahotonsa aka tsamo haƙƙoƙi biyar da aka tsara a 1979, waɗanda Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya mai hedikwata a Paris take aiki da su har yau: kada dabba ta zauna da yunwa ko ƙishirwa, kada ta rasa inuwa da makwanci, a kare ta daga ciwo da rauni da cuta, a bar ta ta yi ɗabi'unta na halitta, kada a jefa ta cikin tsoro. Mai kiwo Musulmi ba baƙo ba ne a nan, domin shari'a ta hana dukan dabba a fuska ko yi mata lalas a fuska, ta hana a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta, ta kuma umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa. Ga yadda ake aiki da wannan ma'auni a asibiti da ruga da tsakar gida.

Kafin a taɓa dabba

Zaɓi lokaci. Duk aikin da ba na gaggawa ba, a yi shi da sanyin safiya ko bayan la'asar. A bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kokawa da rago mai ƙiba da azahar kan iya kashe shi tun kafin cutar ta kashe shi.

Zaɓi wuri. A nemi inuwa da ƙasa mai laushi, yashi ya fi. A tsince duwatsu da fasassun kwalabe, a cire turakun da ke kusa. Siminti mai ruwa santsi gare shi, kuma san da ya taɓa zamewa a wuri ba zai sake shiga da daɗin rai ba.

Haɗa kaya tun dabba tana sake. Igiya, ragama, ma'aunin zafi, auduga, ruwa da sabulu, tsinken allura sababbi, da maganin da aka riga aka zuƙa a sirinji, duk su kasance a hannu. Babban kuskure ne a ɗaure dabba sannan a aika yaro kasuwa sayo magani. A auna ƙirji da awon igiyar nauyi maimakon ƙiyasi da ido, don kada magani ya yi kaɗan ya kasa aiki ko ya yi yawa ya zama guba.

Rage taro. 'Yan kallo da yara da karnuka su matsa. Mutum ɗaya ne zai riƙa ba da umarni, da murya ƙasa-ƙasa. Dabbar da ta zo daga nesa a kwance ta, a ba ta ruwa, ta huta kamar rabin awa. Masu ɗaure ƙafafun akuya huɗu su rataya ta a bayan babur kai a ƙasa, a nuna musu cewa ta fi isowa lafiya in tana tsaye ko a durƙushe a kan ciyawa a cikin a-daidaita-sahu ko babban kwando. Wadda ba ta iya tsayuwa kuwa, likita ne zai je inda take.

Duba daga nesa

Rabin bincike da ido ake yin sa, tun dabba ba ta san da ita ake ba. Shanu da tumaki dabbobi ne da namun daji ke farauta, saboda haka halittarsu ce su ɓoye ciwo. Akuya takan yi kuka, tunkiya kuwa sai ta yi shiru tana mutuwa. Ka tsaya gefe ka lura: tana tuƙa ko ta daina? Ta ware daga garke? Tana cizon haƙora, ta ƙoƙare baya, kunnuwa sun zube, kai ya sunkuya? Wace ƙafa take ɗagewa? Kwiɓin hagu ya kumbura? A nan ake ƙirga numfashi, wanda a babban sa mai lafiya yake tsakanin 10 da 30 a minti ɗaya.

Jaki ya fi kowace dabba ɓoye ciwo. Ba ya birgima da shure-shure kamar doki idan cikinsa na ciwo. Sai dai ya tsaya shiru, ya sa baki a abinci kamar yana ci alhali ba ya haɗiya. Jakin da ya yi sanyi ya daina ci yana cikin hatsari, domin kitse kan taru a jininsa ya lalata hanta cikin 'yan kwanaki. A ɗauke shi a matsayin aikin gaggawa.

Sai an gama wannan ake auna zafi ta dubura, a shafa wa ma'aunin mai tukuna. A babban sa zafin lafiya yana wajen digiri 38 zuwa 39, a tumaki da awaki yana ɗan ɗara haka, a jaki yana wajen 37.

Tunkara da riƙo

Idon sa a gefen kansa yake, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, in ban da abin da ke bayansa daidai wutsiya. Wanda ya ɓullo masa ta can ba zato shi ke shan harbi. Ka tunkare shi ta gefen kafaɗa, kana magana, kana tafiya a hankali. Kowane sa yana da iyakar da in ka ƙetare zai matsa. Ta bokolo ƙarama ce saboda sabo da mutane, ta rahaji kuwa tana da faɗi, ga dogon ƙaho ga saurin firgita. Masaniyar ɗabi'ar dabbobi Temple Grandin ta Amurka ta yi fice wajen koyar da wata ƙa'ida mai sauƙi: in ka tsaya bayan kafaɗar sa zai yi gaba, in ka tsaya gabanta zai ja baya. Wanda ya san wannan ba ya buƙatar duka kafin ya shigar da shanu matsatsin lungun da ake yi musu allura a ciki.

Kada a ware dabba ita kaɗai in ba dole ba. A bar mata 'yar uwarta kusa, saniya kuma ta riƙa ganin maraƙinta. A bar makiyayi ya kama nasa da kansa, domin sun san muryarsa da ƙanshinsa. A yi amfani da mafi ƙarancin riƙon da zai wadatar: in ragama ta isa, kada a kama hanci, in kama hanci ya isa, kada a kayar. Wutsiya ɗaga ta ake yi sama daga tushe a hankali, ba a murɗawa. Igiyar wuya kuma da ƙullin da ba ya zarcewa ake ɗaura ta, don zarge yana shaƙe dabba yayin da take ja.

Tunkiya da akuya hannu ɗaya a ƙarƙashin haɓa, ɗaya a ƙugu. Ba a jan su ta kunne ko ƙafa ɗaya ko gashi, ƙaramin ƙaho kuwa yakan ɓalle a hannu. In za a duba kofaton tunkiya, a juya kanta zuwa kafaɗarta, a danna ƙugu, ta zauna a kan ɗuwawu ta jingina da ƙafafunka. Akuya ba ta son wannan zama, a tsaye ake ɗaga mata ƙafa. Jaki kuwa ragama da hannu a ƙarƙashin muƙamuƙi sun ishe shi. Murɗe masa kunne yana da zafi ƙwarai, kuma daga ranar ba zai sake yarda a taɓa kansa ba.

Kayar da sa

Wani aikin, kamar gyaran kofato ko fiɗiya, ba ya yiwuwa sai a kwance. In an san da aikin tun da wuri, a hana babban sa abinci tun daren jiya don tumbi ya rage cika. Saniya mai tsohon ciki da dabbar da ke numfashi da ƙyar ba a kayar da su.

A sami igiyar auduga mai kauri, mai tsawon mita 10 zuwa 12. A ɗaura bakinta a gindin ƙahoni, a zagaya da ita a ƙirji bayan ƙafafun gaba, a sake zagayawa a gaban ƙugu, a tabbatar ba ta hau hantsa ko al'aurar namiji ba. Mutum ɗaya ya riƙe kai, biyu su ja igiya ta baya a hankali ba tare da fizga ba. Matsin zai sa sa ya durƙusa da kansa. A kwantar da shi ta yadda kwiɓin hagu zai kasance a sama, domin can tumbi yake, kuma can za a ga kumburi in ya fara. A sa buhun ciyawa a ƙarƙashin kafaɗa, a jawo ƙafar gaba ta ƙasa zuwa gaba don kada nauyi ya danne jijiya ya tashi da shanyayyar ƙafa. Baki ya fi ƙeya yin ƙasa, yawu da abin da ya taso daga tumbi su zuba waje maimakon huhu. A rufe ido da tsumma. Da ciki ya fara kumbura, a tsayar da aiki a durƙusar da shi a kan ƙirji.

Allura da ɗura

Wurin allurar tsoka a shanu shi ne gefen wuya, gaban kafaɗa. Cinya nama ce mai tsada, kuma babbar jijiya ta ratsa ta, musamman a ramammiyar akuya, inda allura ɗaya kan iya gurgunta ƙafa. Kada a zuba fiye da mililita 10 a wuri ɗaya a babban sa, a raba sauran. Oksitetrasaikilin mai dogon aiki, wanda aka fi sani da LA, yana da raɗaɗi sosai, don haka rabawar ta zama dole a kansa. Abin da aka rubuta a yi a ƙarƙashin fata, kamar aibamektin, a ɗaga fata a yi shi can. Rigakafin ciwon huhu na shanu, irin wanda cibiyar Vom ta kusa da Jos ke sarrafawa, in ya shiga tsoka yakan haddasa mummunan kumburi.

Tsinken allura yana dakushewa da wuri. A ranar rigakafi a canza shi bayan dabba 10 zuwa 15, da kuma duk lokacin da ya lanƙwashe ko ya faɗi ƙasa. Wanda aka yi wa marar lafiya da shi ba ya komawa jikin wata.

Ɗura ta kashe dabbobi da yawa a hannun masu son su. In aka ɗaga kai sama aka ja harshe aka tuttula ruwa, hanyar huhu yake bi, bayan kwana biyu sai ciwon huhu ya kama ta. A bar kai daidai da baya ko a ɗaga shi kaɗan, a sa bakin kwalba ta gefen baki inda babu haƙori, a zuba kaɗan-kaɗan tana haɗiya. Ta yi tari, a dakata a saki kai. Dabbar da ke kwance magashiyyan ba a yi mata ɗura.

Dandaƙa, fiɗiya da ƙaho

Nan ne aka fi zaluntar dabba, nan ne kuma gyara ya fi sauƙi. Ƙa'ida ta farko ita ce a yi da wuri. Ɗan bunsuru ko maraƙi na 'yan makonni yana warkewa da sauri fiye da babba. Zoben roba na 'yan kwana bakwai na farko ne kawai, kuma a Birtaniya doka ta hana dandaƙe maraƙin da ya wuce wata biyu ba tare da an kashe masa zafi ba.

Ƙa'ida ta biyu ita ce kashe zafi iri biyu. Lidoken allura ce da ake yi a wurin aikin don ya mutu, a jira kamar minti biyar kafin a fara. Ƙarfinta yana gushewa bayan awa ɗaya ko biyu, saboda haka ana haɗawa da maganin rage raɗaɗi da kumburi, irin su meloksikam, wanda ke ɗaukar dabba har washegari. 'Yan awaki ƙanana ba sa jure lidoken da yawa, sai an auna an kuma sirka. Zailazin mai kwantar da dabba aikin ƙwararren likita ne: shanu kashi ɗaya cikin goma na abin da ake ba doki ya ishe su, yana iya zubar da tsohon ciki, kuma yana takura numfashin tumaki. A guji diklofenak a dabbobin kiwo. Shi ne ya kusa ƙarar da ungulayen Indiya da ke cin mushen shanun da aka yi wa allurarsa, har ƙasar ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006.

Mai dandaƙa da ƙarfen matsi na Burdizzo ya tura jijiyar maraina zuwa gefen fata, ya matse kowace ita kaɗai na kimanin daƙiƙa 10, ɗaya sama ɗaya ƙasa kaɗan, kada layukan biyu su haɗu a tsakiya, in ba haka ba jini zai yanke wa fatar duka ta ruɓe. Dandaƙa da guduma ko taɓarya azaba ce tsantsa, a bar ta. Fiɗiya da wuƙa tana son tsafta da lokacin da ƙuda ya yi ƙaranci, kamar hunturu. Jaki kuma ba a fiɗiye shi sai likita ya sa shi barci ya ɗaure jijiyar jini, domin yana zubar da jini fiye da doki, sannan a yi masa rigakafin cutar sarƙe-haƙora.

Ƙahon babban sa yana da rai a ciki, kuma raminsa ya haɗe da kogon goshi. In ya lanƙwaso zai soki fuska, a rage tsinin kawai inda babu jini. In ya karye, kamar yadda yake yawan faruwa a tirelolin da ke lodi daga Potiskum ko Maigatari zuwa Legas, a kashe jijiyar gindin ƙaho, a gyara, a rufe, a sa maganin ƙuda don kada tsutsa ta shiga.

Lalas da wutar ƙarfe a kan kumburi ko gaɓa ba ya warkar da sammore ko harbin daji, sai dai ya buɗe sabon miki. Yana kuma karya darajar fata, alhali fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin waɗanda duniya ta fi nema. Haka baƙin mai na inji da ruwan batir da ake zubawa a gyambon bayan jaki: ruwan gishiri mai tsafta, hutu, da gyaran akumari su ne maganinsa.

Bayan aiki

A kwance igiya a bar dabba ta tashi da kanta. A kai ta inuwa kusa da 'yan uwanta, ga ruwa, ga harawa mai kyau. A bar wa mai ita alamomin da zai lura da su: ta koma ci da tuƙa? Jini ya tsaya? Wurin yana wari? A faɗa masa kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba waɗanda ba za a sha nono ko a ci nama ba. A koma dubawa ko a kira waya bayan kwana biyu ko uku.

In magani ya ƙare

Wani ciwon ba ya warkewa, kuma jan lokaci ƙarin azaba ne. Babban san da ƙashin cinyarsa ya karye da wuya ya sake tsayuwa. Likita ya faɗi gaskiya da ladabi tun kafin a dirka masa magungunan da za su hana cin namansa: "Baba, wannan karayar ba ta ɗoruwa. In aka yanka shi yau an hutar da shi, kai ma ba ka yi asara duka ba." A yanka shi a inda yake, ba a jan shi a ƙasa zuwa mota. Jaki ko kare da ya kai wannan hali, likita yana da allurar da za ta ɗauke shi cikin barci, sai a binne gawar da zurfi don maganin yana kashe abin da ya ci ta. Yasar da tsohon jaki a bayan gari ya mutu da ƙishirwa ba ya cikin zaɓi. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya baƙin jini na fita ta hanci da dubura kuwa, kada a yanka kada a feɗe. Alamar cutar saifa ce, tana kama mutum, kuma an tabbatar da ɓullarta a Suleja a 2023. A sanar da ofishin dabbobi mafi kusa.

Nauyin da ke kan likita

Yaran asibiti da masu riƙo abin da suka ga likita ya yarda da shi suke yi. In ya yi shiru ana murɗe wutsiya, ya koyar ke nan. Saboda haka ya ware lokaci ya nuna musu ƙulli da tsayuwa da riƙo da hannunsa, ya kuma riƙa lura a kowace ranar aiki: dabba nawa ta faɗi, nawa aka daka, nawa ta yi kuka a hannunsu. In adadin yana raguwa, aikin yana gyaruwa. Lidoken da meloksikam da kwalin sababbin tsinken allura kada su yanke a jakarsa, kuma ya sa kuɗinsu a cikin kuɗin aiki tun farko, ya yi wa mai dabba bayanin amfaninsu. Mai kiwo kuma yana da haƙƙin ya tambaya kafin a ɗora wuƙa ko ƙarfe a jikin dabbarsa: "Likita, an kashe mata zafi?" In aka ce a'a, ya ce a dakata sai an kashe.